Labarin Furiye, Marayan Da Ya Auna Tafiyar Zafi

Cikin hunturun da ya wuce, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, aka ba ni aji huɗu a wata makarantar ƙauye da ba ta da nisa da Kwaleji. Ran nan da safe yara suka shigo suna rawar ɗari. Wani ɗan yaro na bencin baya ya ɗaga hannu, ya tambaye ni abin da ya sa ƙarfen ƙofa ya fi katakon benci sanyi, alhali kuwa ɗaki ɗaya suka kwana, iska ɗaya ta buge su. Ban san amsa ba. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ce masa ai ƙarfe da sanyinsa aka halicce shi, kuma yanzu lokacin lissafi ne, ya zauna. Ya zauna. Bai sāke ɗaga hannu ba har muka tashi.

Da na komo Kwaleji abin ya tsaya mini a rai. Na shiga ɗakin littattafai ina bincike, nan na gamu da sunan wani Bafaranshe, Joseph Fourier, wanda mutanen ƙasarsu su ke kira Furiye. Amsar tambaya ɗaya na je nema, ashe zan tarar da mutumin da ya taɓa zama a irin bencin da mu ke zaune, watau ɗan makarantar horon malamai. Shi ya sa na roƙi Edita ya ba ni fili in ba ku labarinsa.

An haifi Furiye ran 21 ga watan Maris, 1768, a wani gari da a ke kira Auxerre a ƙasar Faransa. Ubansa tela ne, gidan kuwa cike da 'ya'ya. Kafin ya wuce shekara goma uwa da uba duka sun rasu. Waɗansu mutanen kirki suka kai maganarsa gaban Bishop na garin, aka sa shi a makarantar soja ta Auxerre, wadda 'yan zuhudu na ƙungiyar Benedikt su ke riƙe da ita. Da fari rubutu da Latin ya fi so. Da ya kai shekara 13 sai lissafi ya kama shi kamar zazzaɓi. An ce da rana yakan bi yana tsince guntayen kyandir, in dare ya yi kowa ya yi barci ya sulale zuwa ɗakin karatu ya kunna su, ya yi ta aiki. Duk wanda ya kwana a ɗakin kwanan makarantar Mishan, ya san ƙararrawar kashe fitila, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan.

Ya so ya shiga sojan igwa, gama nan ne masu lissafi su ke samun aiki a zamanin. An ce aka hana shi domin shi ba ɗan sarauta ba ne. Sai ya juya zuwa zuhudu, cikin 1787 ya shiga gidan 'yan zuhudu na Saint-Benoît a bakin kogin Loire. Zuciyarsa ba ta kwanta ba. Da ya cika shekara 21 ya rubuta wa tsohon malaminsa takarda yana kuka da kansa, cewa Newton da Pascal a irin shekarunsa sun riga sun yi abin da za a riƙa tunawa da su, shi kuwa bai yi kome ba. Cikin 1789 ya fita bai ɗauki wa'adin zuhudu ba, ya koma Auxerre ya zama malami a makarantar da ta rene shi.

Shekarar nan ce aka fara babban juyin mulki na Faransa, talakawa suka tashi a kan sarki da 'ya'yan sarauta. Ɗan tela wanda aka rufe wa ƙofa saboda asalinsa, ba sai an tambaya wane gefe zai bi ba. Cikin 1793 ya shiga kwamitin juyin mulki na garinsu. A nan ba zan wanke shi sarai ba, domin irin waɗannan kwamitoci su ne su ke kama mutane, da yawa kuma daga kamun sai injin fille kai. Amma an shaida ya tsaya wa waɗansu da aka zarga, har tsayawar nan ta jawo masa tsiya. A garin Orléans ya yi magana a fili yana kāre waɗansu mutane, manya suka riƙe shi a ciki, cikin watan Yuli na 1794 aka jefa shi kurkuku. Da kyar ya sha. Ran 28 ga watan aka fille kan Robespierre, shugaban masu kisan, iska ta juya, aka sake shi.

Ga wurin da ya shafe mu. Sabuwar gwamnati ta ga ƙasa ba malamai, sai ta buɗe makarantar horon malamai a Paris cikin Janairu na 1795, sunanta École Normale. Kowace gunduma ta aiko da mutanenta, suka taru fiye da dubu, yaro da babba, har da tsoho Bougainville wanda ya riga ya kewaye duniya a jirgin ruwa. Furiye yana cikinsu. Masu koyar da lissafi kuwa su ne gwanayen zamanin, Lagrange da Laplace da Monge. Furiye ya zauna yana lura da su kamar yadda malamanmu su ke zama a bayan aji suna lura da mu. Ya rubuta gida cewa Lagrange ya fi kowa sani amma muryarsa ba ta fita, Laplace yana sauri ƙwarai, Monge kuwa murya gare shi da kuzari. Abin da ya fi burge ni a tsarin makarantar shi ne an keɓe ranaku na musamman domin almajirai su yi wa malamai tambaya, a kuma rubuta tambaya da amsa duka. Makarantar ba ta daɗe ba, cikin watan Mayu aka rufe ta. Amma ta ishe shi, an gan shi. Aka ɗauke shi koyarwa a babbar makarantar injiniya ta Paris, cikin 1797 har ya gaji kujerar Lagrange kansa.

Da an bar shi, ina tsammani da nan zai tsufa da alli a hannu. Sai Napoliyon ya tashi yaƙin Masar cikin 1798, ya kwashi masana ya tafi da su, har da Furiye. Ba su daɗe da sauka ba jiragen Ingila suka hallaka jiragen Faransa a Abukir, ran 1 ga Agusta, hanyar gida ta toshe. Shekara uku ya yi a can. Shi ne magatakardan majalisar masana da suka kafa a Alkahira, ya yi aikin sulhu da na shari'a, ya bi Kogin Nilu yana duba tsofaffin gine-gine. Cikin 1801 ya komo gida yana marmarin aji. Napoliyon kuwa ya riga ya gane mutumin ya iya riƙon jama'a, saboda haka cikin 1802 ya naɗa shi mai mulkin lardin Isère, kamar Razdan na zamanin Turawa, mazauninsa birnin Grenoble a gindin duwatsu masu ƙanƙara.

Ya yi aikin da gaske. Akwai wata babbar fadama a Bourgoin mai jawo zazzaɓi, an daɗe ana son a janye ruwanta, ƙauyuka fiye da talatin sun kasa shiryawa. Ya bi su da lallashi shekara da shekaru har suka sa hannu, fadama ta zama gona. Ya sa aka fasa hanya ta cikin duwatsu wajen Turin ta Italiya. Ya kuma lura da wani saurayi mai son harsuna, Champollion, ya taimake shi har ya tsira daga kamun soja. Saurayin nan ne ya warware rubutun mutanen Masar na dā cikin 1822. Duk wannan aikin rana ne. Da dare kuwa, zafi ya ke bi.

A zamanin nan masana suna ta gardama a kan ko mene ne zafi. Waɗansu suka ce wani irin ruwa ne marar nauyi da ba a gani, waɗansu suka ce motsi ne. Furiye ya ajiye gardamar gefe ɗaya. Ko mene ne shi, yana tafiya, tafiyar kuwa ana iya aunawa. Ya sa aka ƙera masa zoben baƙin ƙarfe, faɗinsa kamar ƙafa ɗaya, aka huda ramuka a jikinsa ya sa ma'aunin zafi a ciki. Ya kunna fitila a gefe ɗaya, ya zauna da agogo yana rubuta yadda zafi ya ke zagawa, ya kashe fitila ya rubuta yadda ya ke hucewa.

Ƙa'idar da ya kafa ba ta fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Zafi kullum daga wuri mai zafi ya ke gangarawa zuwa wuri mai sanyi. Yawan abin da zai wuce ta cikin bango, alal misali, ya dogara ga abu huɗu: faɗin bangon, da bambancin zafi tsakanin ciki da waje, da kaurinsa, da kuma irin abin da aka yi shi da shi. In bambancin ya ninka, zafin da zai wuce ya ninka. In kauri ya ninka, ya ragu da rabi. Kowane abu kuma yana da lambarsa. Bisa ga awon yau, jan ƙarfe wajen 400 ne, baƙin ƙarfe wajen 80, ruwa 0.6, katako wajen 0.15, iska kuwa 0.026 kaɗai. To, ga amsar yarona. Ƙofa da benci sanyinsu ɗaya ne. Hannunsa ne ya fi su ɗumi, ƙarfe kuwa yana kwashe ɗumin hannu da sauri ya wuce da shi ciki, katako ba ya iyawa. Abin da fata ta ke ji saurin fitar zafi ne. Shi ya sa kuma bargo ya ke da ɗumi, ba wuta a cikinsa, iska ce ya tsare a tsakanin zarensa.

Wuyar abin tana gaba. Zoben da aka ɗumama gefe ɗaya, zafinsa ba daidai ya ke ba, nan tudu can kwari. Ƙaƙa za a lissafta yadda zai zama bayan minti goma? Dabarar Furiye ita ce, kowane irin layi, kome karkacewarsa, ana iya gina shi ta wurin tara raƙuman ruwa masu santsi, dogo ɗaya, da mai rabin tsawonsa, da mai sulusi, har gaba. Kowane raƙumi yana hucewa da nasa sauri. Mai rabin tsawo ya fi dogon saurin mutuwa sau huɗu, mai sulusi sau tara. Saboda haka in an jima ƙananan duk sun ɓace, sai dogon ya rage. Ya duba ma'aunansa, haka kuwa ya gani.

Ran 21 ga Disamba, 1807, ya miƙa aikin ga majalisar masana ta Paris. Masu dubawa su ne Lagrange da Laplace da Monge da Lacroix, watau uku daga ciki malamansa ne na makarantar horon malamai. Lagrange ya ƙi. Bai yarda a ce raƙuma masu santsi za su iya haifar da layi mai kusurwa ba. Ba a buga aikin ba. Majalisa ta sa gasa a kan tafiyar zafi, Furiye ya gyara aikinsa ya sāke aikawa, cikin 1812 aka ba shi lambar, amma aka haɗa da ƙorafi cewa hujjojinsa ba su cika ba, aka kuma ajiye takardun a akwati. Na daɗe ina jin haushin Lagrange, sai daga baya na huce. Tsohon yana da 'yar gaskiyarsa, gama Furiye ya faɗi abin da bai gama tabbatarwa ba, sai cikin 1829 wani Bajamushe, Dirichlet, ya nuna sharuɗɗan da dabarar ta ke tsayawa a kansu. Amma da almajirin ya bi maganar malaminsa ya yi shiru, da an yi hasara babba.

Shekarar 1815 ta zo masa da wahala. An riga an kori Napoliyon zuwa tsibirin Elba, sarki ya komo, Furiye ya yi mubaya'a ya riƙe aikinsa. Cikin Maris sai ga Napoliyon ya gudo, hanyarsa kuwa ta Grenoble ta bi. Furiye ya fita ta wata ƙofa, tsohon maigidansa yana shigowa ta wata. Daga baya suka sadu a Bourgoin, wurin fadamar nan, Napoliyon ya huce ya naɗa shi mai mulkin lardin Lyon. Bai yi wata uku ba ya bar aikin, gama an umarce shi ya kori ma'aikatan da a ke zargi da son sarki, shi kuwa ya riga ya ga inda irin wannan ya ke kaiwa. Cikin Yuni aka ci Napoliyon a Waterloo. Furiye ya sami kansa a Paris yana da shekara 47, ba aiki, ba fansho, mutanen sarki suna harararsa. Wanda ya cece shi tsohon almajirinsa ne, Chabrol, wanda ya zama mai mulkin Paris. Shi ya ba malaminsa aikin shugaban ofishin ƙididdiga. Cikin 1816 majalisar masana ta zaɓe shi, Sarki Louis na 18 ya ƙi sa hannu. Suka sāke zaɓensa cikin 1817, sarki ya haƙura. Cikin 1822, shekara 15 bayan miƙawar farko, littafinsa a kan lissafin zafi ya fito, a shekarar kuma ya zama magatakardan majalisar da ta taɓa ajiye takardunsa.

Sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi rana. Ya lissafta yadda zafinta ya ke nutsewa cikin ƙasa: bambancin dare da rana ba ya kai zurfin mita ɗaya, na bazara da hunturu kuwa ya fi nisa, amma shi ma yana ƙarewa. Shi ya sa ruwan rijiya mai zurfi ya ke da ɗumi da safiyar hunturu, da sanyi kuma cikin bazara. Ruwan bai sāke ba, mu ne muka sāke. Cikin 1824 da 1827 ya rubuta a kan zafin duniya ɗungum. Ya tuna da akwatin wani masani na ƙasar Suwizalan, de Saussure, mai baƙin ciki da murfin gilashi hawa uku, wanda in an ajiye shi a rana cikinsa yakan wuce zafin tafasar ruwa. Ya ce iskar da ta lulluɓe duniya tana barin hasken rana ya shigo, amma tana tare zafin da ƙasa ta ke mayarwa. Nan ne tushen maganar ɗumamar duniya da a ke yi yau. Ya yi kuskure kuma, ya zaci taurari suna ba mu ɗumi mai yawa, ashe sararin sama sanyinsa ya kai digiri 270 ƙasa da sifiri.

Mutumin da ya ƙare ransa a kan zafi, sanyi ne ya dame shi. Tun komowarsa daga Masar ba ya jimre ɗari. An ce ko da bazara yana cikin babbar kwat, ɗakinsa kuwa baƙi ba sa iya daɗewa don zafi. Bai yi aure ba. Ran 4 ga Mayu, 1830, ya faɗi a matakala, ran 16 ga watan ya rasu yana da shekara 62. Aka binne shi a makabartar Père Lachaise ta Paris, bayan shekara biyu aka kawo Champollion aka kwantar kusa da shi.

Ƙa'idarsa ta yi 'ya'ya. Cikin 1827 Ohm ya bi sawunta ya tsara tafiyar lantarki cikin waya. Cikin 1855 wani Bajamushe, Fick, ya nuna gishiri ma haka ya ke bazuwa cikin ruwa, daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. Da waɗannan biyu, ta Furiye da ta Fick, a ke lissafin tafiyar zafi da tafiyar abu har yau.

Bari in ba da misali ɗaya na zamaninmu. Da tsakar rana in gari ya yi garau, kowace murabba'in mita tana samun wajen wat 1,000 daga rana. Na zauna na lissafta, da za a kama shi duka, zai tafasa lita 10 na ruwa kafin sa'a ɗaya ta cika. Matsalar ita ce ruwa. Ku tuna lambarsa 0.6 ce, jan ƙarfe 400, ga shi kuma garau, haske yana ratsa shi ya wuce. Tun 1873 Maxwell na Sikotilan ya ba da lissafin abin da zai faru in an barbaɗa ƙwayoyin wani abu cikin wani. Amma garin ƙarfe yakan kwanta a gindi, ya toshe bututu. Cikin 1995 wani masani, Choi, a ma'aikatar bincike ta Argonne a Amurka, ya kawo shawara a yi amfani da gari mai laushin da bai kai nanomita 100 ba. Nanomita kuwa, in an raba mita kashi miliyan dubu, kashi ɗaya ke nan, kaurin gashin kai ma dubbai ne masu yawa. Irin wannan gauraye shi a ke kira ruwan nano. Ƙwayoyin ba sa saurin kwanciya, gama ruwan yana ta tunkuɗarsu ta kowane gefe. In na gawayi ne, kaɗan ya isa ya baƙanta ruwan, ya sha hasken rana a cikin jikinsa.

Masu bincike sukan zuba lissafin cikin kwamfuta: zafi yana tafiya bisa ƙa'idar Furiye, ƙwayoyi suna bazuwa bisa ta Fick, suna kuma gudu daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, ruwan yana gudu cikin bututu, rana tana zubowa daga bisa, kowanne yana taɓa ɗan'uwansa. Da fari waɗansu sun yi shela cewa ruwan nano ya zarce duk abin da tsohon lissafi ya faɗa. Sai cikin 2009 ma'aikatun bincike fiye da 30 suka raba ruwa iri ɗaya, kowa ya auna nasa, aka tarar awon ya bi tsohon lissafi irin na Maxwell. Ribar tana nan amma ba ta kai yadda aka zata ba, ga ƙwayoyi suna dunƙulewa in an daɗe, ruwan yana kauri, famfo yana shan wuya. Ina tsammani mai zoben ƙarfe da agogo da ya ji daɗin wannan awo.

Mako guda bayan tambayar nan na ari ma'aunin zafi biyu daga ɗakin kimiyya na Kwaleji, na ɗaure a keke na tafi. Na gaya wa ajin amsar da na bayar ran nan ba daidai ba ce. Muka manna ɗaya a ƙofa, ɗaya a benci, muka jira. Na kira yaron ya karanta, ya ga lamba ɗaya, ya ce lalle ɗayan ya lalace. Muka musanya su, bai sāke ba. Sa'an nan na sa aka kawo ruwan zafi a kwano, muka tsoma doguwar ƙusa da tsinken itace, kowanne da ɗan man kaɗanya a kansa. Na ƙusa ya narke ya gangaro, na itace yana nan zaune. Yaron ya yi shiru, can ya ɗaga hannu ya ce, to me ya sa da tsakar rana ƙarfen nan kuma ya fi katako ƙuna? Kafin in buɗe baki wata yarinya ta bencin gaba ta juya ta amsa masa.